Koci, Manaja ko Madugu? Nazarin Kalmomin Jagorancin Tawagar Besbol ta Ƙasa

Gabatarwa

A watan Oktoba na shekarar 2003 Abuja ta karɓi baƙuncin Wasannin Afirka karo na 8, waɗanda jama'a suka fi sani da COJA. Nijeriya ce ta zo ta ɗaya a yawan lambobin zinariya. Daga cikin lambobin da ta samu akwai azurfa guda a wasan besbol, inda Afirka ta Kudu ta ɗauki zinariya, Zimbabuwe kuma ta ɗauki tagulla. Haka jerin ya kasance a wasannin 1999 da aka yi a Johannasbag. Har ila yau akwai filin besbol a harabar babban filin wasa na ƙasa da aka gina domin waɗannan wasanni, wanda aka raɗa wa sunan Moshood Abiola a 2019. Daga unguwarmu ta Utako zuwa can tafiyar 'yan mintoci ce a mota idan babu cunkoso. Amma da wuya ka sami Bahaushe a kasuwar Utako da ya taɓa jin labarin wannan azurfa, alhali zai iya jero maka sunayen masu horar da Super Eagles tun daga Westerhof.

Ɗaya daga cikin dalilan haka, a ganina, shi ne rashin kalmomi. Abin da ɗan jarida ba shi da kalmar faɗarsa yakan tsallake shi. Wannan muƙala za ta duba aikin mutumin da ake damƙa wa tawagar besbol ta ƙasa a gasar ƙasa da ƙasa, domin a gano sunan da ya dace da shi a Hausa, tare da wasu keɓaɓɓun kalmomin da ba za a iya bayanin aikin nasa ba sai da su. Hujjata ita ce ba a iya raɗa wa aiki suna sai an san me ake yi a cikinsa.

Wasan a taƙaice

Hausa ta yi nisa wajen raɗa wa wasanni suna ta hanyar harɗa kalmomi: ƙwallon ƙafa, ƙwallon hannu, ƙwallon kwando, ƙwallon raga, ƙwallon tebur, ƙwallon dawaki, har da zari-ruga, wanda a nawa ra'ayi ya fi su duka armashi domin sunan kansa ya bayyana wasan. Besbol bai sami wannan gata ba. Ƙwallon gora da zai dace da shi an riga an ba wasan hoki. Saboda haka zan bar shi da sunan aro, musamman da yake gaɓoɓinsa biyu, bes da bol, ba su saɓa wa tsarin gaɓar Hausa ba.

Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 9. Ɓangare ɗaya yana bazuwa a fili yana tsaro, ɗayan yana turo mutanensa ɗaya bayan ɗaya su yi bugu. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu, mita 18.44 daga mai bugu, ya jefo ƙwallo, mai bugu ya yi ƙoƙarin maka masa kulki. Idan ya samu, sai ya ruga ya bi tashoshi uku da ke jere a kusurwoyin fili, tsakanin kowace da kowace mita 27.43, ya dawo inda ya taso. Wanda ya kammala zagayen ya ci maki ɗaya. Idan masu tsaro suka kayar da mutum uku, sai a yi musanya. Kowane ɓangare ya yi bugu sau ɗaya ya yi tsaro sau ɗaya, an yi kashi ɗaya ke nan daga cikin kashi 9 na wasan. Ba agogo ke tashin wasan ba.

A nan ɗalibin Hausa zai fara cin karo da aiki. Ɗafa-goshin ma- yana ba mu majefi, jam'i majefa, kuma kalmar ta zauna daram. Amma mabugi yana da matsala. A baki, karin sauti yana bambanta mabugi mai aikatawa da mabugi abin aiki, irin wanda masu bugun rini suke amfani da shi a Kano. A rubutu kuwa, da yake ba ma sa alamar karin sauti, mai karatu ba zai san ko mutum ake nufi ko kulkinsa ba. Don haka na zaɓi mai bugu ga mutum, kulki ga sanda. Wanda ke tsugune bayan mai bugu yana karɓar jifa shi ne mai cafka.

Tashoshin nan uku na kira su zango, wato zangon farko, na biyu da na uku, inda ake dawowa kuma gida. Wannan faɗaɗa ma'ana ce daga harshen fatake, domin zango wuri ne da matafiyi ke yada kaya cikin aminci kafin ya ci gaba, kuma haka yake a wasan: muddin ƙafarka tana kan zango ba mai kayar da kai. Kashi ɗaya daga cikin taran nan kuwa na ara masa turmi daga dambe. Na gwada waɗannan kalmomi a wani gidan kallon ƙwallo da ke kusa da kasuwar Utako, na nuna wa wasu matasa guntun wasa a waya ina fassarawa. Zango da turmi ba su buƙaci bayani ba. Da na gwada kisa, shi ma daga dambe, sai wani ya ce, “Haba ɗan'uwa, in aka ce a rediyo an kashe mutum uku a turmin farko ai sai iyaye su fito nema.” Fitarwa kuma ta sa su tunanin jan kati. Kayarwa, daga kokawa, ita suka fi karɓa.

Me jagoran yake yi?

A ƙwallon ƙafa mun saba da koci ko mai horarwa. A besbol Turawa suna kiran shugaban tawaga manaja, kuma masu horarwa suna ƙarƙashinsa: akwai mai horar da majefa, akwai mai horar da masu bugu, akwai biyu da ke tsayawa a gefen zangon farko da na uku suna gaya wa mai gudu ya tsaya ko ya wuce. Shi manajan yana sanye da rigar wasa mai lamba kamar yaransa, abin da ba a gani a ƙwallon ƙafa. Kafin wasa yakan miƙa wa alƙali takardar jerin masu bugu, daga na 1 zuwa na 9, kuma ba a sauya jerin sai dai a musanya mutum da mutum. Wanda aka cire ba ya dawowa a wannan wasa. Umarninsa yakan isa fili ta hanyar ishara, taɓa hula ko kunne ko ƙirji, yadda abokan hamayya ba za su gane ba.

Duk waɗannan ana yin su a wasannin ƙungiyoyi ma. Abin da ya bambanta gasar ƙasa da ƙasa shi ne ƙarancin lokaci da kuma hannun majefa.

Jifan besbol yana cin kafaɗa da gwiwar hannu ƙwarai. A babbar gasar ƙungiyoyin Amurka, wato MLB, inda kowace ƙungiya ke buga wasa 162 a shekara, majefin da ya fara wasa yakan yi jifa kusan 100, sannan ya huta kwana huɗu ko fiye kafin ya sake farawa. Manajan ƙungiya yana da wata shida, idan ya sha kaye yau akwai gobe. Manajan ƙasa kuwa yana da 'yan kwanaki, kuma doka ta ɗaure masa hannu.

Mu ɗauki gasar World Baseball Classic, wadda aka fara a 2006, mu duba dokokinta na 2023. Ƙasashe 20 suka shiga, an raba su rukuni huɗu, biyar-biyar. Kowace tawaga tana da 'yan wasa 30, kuma dole aƙalla 14 daga cikinsu su zama majefa. A zagayen farko ba a yarda majefi ya wuce jifa 65 a wasa ɗaya ba, sai dai ya ƙarasa da mai bugun da ke gabansa. A zagayen kusa da na kusa da ƙarshe iyakar 80 ce, daga nan zuwa ƙarshe 95. Wanda ya yi jifa 50 ko fiye sai ya huta kwana huɗu. Wanda ya yi 30 zuwa 49 sai ya huta kwana ɗaya. Wanda ya yi jifa kwana biyu a jere shi ma sai ya huta kwana ɗaya.

Yanzu ɗan'uwa ɗalibi ka sa kanka a matsayin manajan. Kana da wasa huɗu cikin kwana biyar. Tawaga takan buƙaci jifa 140 zuwa 150 kafin ta kammala turmi 9, ke nan kusan 600 a wasanni huɗun, kuma da wuya ka gama wasa ɗaya da ƙasa da majefa uku. Gwaninka ya fara wasan ranar farko, yana kayar da mutane kamar ana kakkaɓar mangwaro, kuna gaba da maki ɗaya, ya kai jifa 49. Idan ka cire shi yanzu, za ka iya dawo da shi rana ta uku. Idan ka bar shi ya ƙara ko da ɗaya ne, ka rasa shi har ƙarshen rukuni. Idan kuma ka cire shi wanda ya gaje shi ya zubar da wasan, jaridu ba za su tuna da lissafinka ba. Wannan hukunci ba horarwa ba ce. Babu abin da za ka koya wa majefin a wannan lokaci. Tattali kake yi, irin na mai guzurin da bai san iyakar tafiyarsa ba.

Misali mafi kyau da na sani shi ne na Hideki Kuriyama, manajan Japan a 2023. A wasan ƙarshe da Amurka a Miyami, ranar 21 ga Maris, bai jingina da gwani ɗaya ba. Majefa 7 ya yi amfani da su, kowa ya yi turmi ɗaya ko biyu ya sauka, don kada masu bugun Amurka su saba da hannun kowa. Ya ajiye Yu Darvish sai turmi na 8, Shohei Ohtani kuma sai na 9. Japan ta ci 3 da 2. Kwana ɗaya kafin nan ya nuna wani ɓangaren aikin, wato haƙuri da mutum. Munetaka Murakami ya yi ta kasa taɓuka abin kirki tun farkon gasar. Kuriyama ya sauko da shi daga na 4 zuwa na 5 a jeri, amma bai cire shi ba. A turmi na 9 na wasansu da Meziko, Japan tana baya da maki ɗaya, Murakami ne ya yi bugun da ya kawo mutum biyu gida, aka tashi 6 da 5.

Ƙasar da ba ta da majefa da yawa ita ke fi jin jiki a wannan tsari. A gasar 2006 Afirka ta Kudu, ƙarƙashin Rick Magnante, tana gaban Kanada da 8 da 7 har shiga turmi na 9, sannan aka zura mata huɗu, aka tashi 11 da 8. Da ta haɗu da Amurka kuwa an tsayar da wasan a turmi na 5 ana 17 da nema, bisa dokar jinƙai da ke tashin wasa idan tazara ta kai 15 bayan turmi 5 ko 10 bayan turmi 7. Wannan fa ita ce ƙasar da ta sha gaban Nijeriya sau biyu a Wasannin Afirka, wadda kuma ta je Olimfik na Sidni a 2000 har ta doke Holan. Daga nan mai karatu zai iya auna nauyin da ke kan duk wanda aka ba tawagar Nijeriya. Wasa ɗaya ana iya cinsa da majefi ɗaya mai zafin hannu. Gasa kuwa sai da goma.

Yaran aro

Akwai wani ɓangare na aikin da ake gamawa tun kafin a shiga fili. A ƙwallon ƙafa hukumar FIFA tana tilasta wa ƙungiyoyi su saki 'yan wasa a ranakun da ta keɓe. A besbol babu mai tilasta wa ƙungiyoyin MLB haka. Ba sa dakatar da kakarsu saboda Olimfik, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa aka kaɗa ƙuri'ar cire wasan a 2005, bayan ya kasance wasan lambobi tun 1992. An buga shi na ƙarshe a Bejin a 2008, ya dawo a Tokiyo a 2021, bai je Faris ba a 2024, an kuma amince ya dawo a Los Anjalis a 2028. World Baseball Classic ana yin ta a watan Maris ne, kafin kakar ƙungiyoyi ta fara, lokacin da hannun majefa bai gama warwarewa ba. Dokokin ƙidayar jifa da muka gani a sama an yi su ne don kwantar da hankalin masu biyan albashi.

Tsoron nasu kuwa yana da tushe. A 2023 Edwin Diaz na Fuwato Riko ya ji rauni a gwiwa yana murnar nasararsu a kan Jamhuriyar Dominika, bai buga wa ƙungiyarsa ta New York Mets ko wasa ɗaya ba a shekarar. Clayton Kershaw ya so ya buga wa Amurka, matsalar inshora ta hana. Saboda haka manajan ƙasa yakan shafe watanni yana lallashi, yana alkawarin cewa zai mayar da kayan aro yadda ya karɓa. Dokar gasar kuma ta yarda mutum ya buga wa ƙasar mahaifinsa ko mahaifiyarsa, shi ya sa Lars Nootbaar, haifaffen Amurka, ya sa rigar Japan. Mu da muka ga yadda ake zawarcin yaranmu haifaffun Ingila domin Super Eagles ba za mu yi mamaki ba.

A ɗaya gefen akwai tawagar da ba ta da ƙwararru da yawa, kuma ita ta fi kama da tamu. Jamhuriyar Cek ta je gasar 2023 da 'yan wasan da yawancinsu suna da wasu sana'o'i. Manajansu, Pavel Chadim, likitan jijiyoyi ne. Majefinsu Ondrej Satoria, ma'aikacin lantarki, ya kayar da Ohtani da jifa uku. Irin wannan manaja ba da mai ƙungiya yake ciniki ba, da mai ba da hutun aiki yake yi.

To wane suna?

Koci da mai horarwa duka sun gaza, domin sun ba shi aikin na ƙasa da shi, kuma idan muka kira shi koci ba mu da abin da za mu kira kocinan da yake shugabanta. Manaja kalma ce da ta daɗe da zama Bahaushiya, amma ta riga ta yi gida a banki da gidan mai da kamfani. Da na ce manajan tawaga a Utako, abin da suka fahimta shi ne mai kula da kuɗi da masauki da tikitin jirgi.

Tun da mun ɗauki zango, sai na ga madugu ya biyo baya da kansa. Madugu shi ne shugaban ayarin fatake, irin waɗanda suka riƙa zuwa Gwanja fataucin goro. Dukiyar da ke cikin ayari ba tasa ba ce duka, kowane falke da nasa kaya da dabbobinsa, kamar yadda 'yan wasan ƙasa suke na ƙungiyoyi. Yana da mataimaka irin su jagaba da ke gaba yana duba hanya. Shi ke yanke ranar tashi da wurin sauka, shi ke sanin dabbar da ta gaji da wadda za a ƙara wa kaya, shi ke sasantawa da sarakunan hanya. Idan ayari ya isa lafiya riba ta fatake ce, idan ya watse sunansa ake kira. Ban ga kalmar da ta tattara tattali da sasanci da ɗaukar alhaki kamar wannan ba.

Tana da nata rauni, ba zan ɓoye ba. A Hausar jarida ta yau madugu ya fi fitowa a madugun 'yan adawa ko madugun 'yan tawaye, har wasu matasa suna jin kamar kalmar tana ɗauke da zargi. Saboda haka shawarata ita ce a ambaton farko cikin labari a ce jagoran tawaga, wanda kowa zai gane, daga nan a ci gaba da madugu har kunne ya saba. Haka ma zari-ruga ya shiga, da maimaitawa. Sakatariyar ƙungiyar 'yan jarida ta Abuja a Utako take, kuma wakilan sassan Hausa da ke shiga can su ne za su iya raya kalma ko su binne ta, ba mu ɗalibai ba.

Ga gwajin yadda rahoto zai kasance da waɗannan kalmomi:

Japan ta lashe gasar besbol ta duniya karo na uku bayan ta doke Amurka da ci 3 da 2 a Miyami. Jagoran tawagar, Hideki Kuriyama, ya yi amfani da majefa 7 a turmi 9. Madugun ya ajiye Shohei Ohtani sai turmin ƙarshe. Mai bugun farko ya sami zangon farko, amma aka kayar da shi tare da na bayansa a tashi ɗaya. Daga nan Ohtani ya fuskanci Mike Trout, wanda a lokacin abokin wasansa ne a ƙungiyar Los Angeles Angels, ya kuma kayar da shi.

Mai lura zai ga cewa na kauce wa faɗin yadda mai bugun farkon ya sami zango da yadda aka kayar da Trout. Dalili shi ne akwai kalmomi biyu da har yanzu ban gamsu da abin da na samu ba. Ta farko ita ce jifan da ake ƙirgawa a kan mai bugu, ko don ya kai kulki ya kuskure, ko don ƙwallon ya bi ta inda ya kamata ya buga bai motsa ba; uku irinsa an kayar da shi. Ta biyu ita ce jifan da ya kauce wa wurin, mai bugu kuma ya ƙyale shi. Huɗu irinsa sai a ba shi zangon farko kyauta. Na gwada sara ga na farko da bauɗe ga na biyu. Bauɗe ya karɓu a Utako, sara kuwa bai karɓu ba, domin sun ce mai kulki ne ya kamata ya yi sara, ba mai jifa ba. Wanda yake da kalmar da ta fi, musamman daga cikin 'yan'uwa masu karin Sakkwato da Katsina, ya miƙa ta ga editan wannan mujalla kafin fitowa ta gaba.